Filin Tambaya da Amsa: Ina Ya Kamata Mai Tafiya a Ƙasa Ya Yada Zangon Farko?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗalibi ne a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa. Mu biyar ne, abokan juna tun muna ƙaramar makaranta, muka yi shawarar cewa idan an ba da hutun ƙarshen watan Disamba za mu taka da ƙafa daga Tawa, mu bi ta Tamaske da Kaita da Buza har mu dire Madawa, muna kwana a daji, domin mu ga ƙasar Adar da idonmu. Mun tsara cewa ranar farko, tun muna da sauran ƙarfi, mu yi ta maza mu kwana Tamaske don mu rage nisa. Kowannenmu ya sayi jakar goyo, ni kuma na sayi sabon takalmi mai kauri na adana shi musamman saboda wannan tafiya, ɗaya daga cikinmu kuma ya aro tanti, ko da yake ba mu taɓa kafa shi ba. Babu wanda ya taɓa irin wannan tafiya a cikinmu. Yaya kake ganin ya kamata ranar farko ta kasance?

*Daga wani ɗalibi, Tawa*

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ji daɗin wasiƙarka, kuma ba zan ce ku fasa ba, domin Adar ƙasa ce da mota take ɓoye wa mutum. Na cikin mota dutse da ƙura kawai yake gani, amma mai tafiya a ƙasa shi ne yake gangarawa cikin kwari ya tarar da garaken albasa kore shar a tsakiyar ɗari, ya kuma ga jerin duwatsun tare ruwa da mutanen Kaita, galibinsu mata, suka ɗauko a kai suka jera tun daga 1984, lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya. Sai dai abubuwa ukun da ka lissafa a matsayin shiri, wato kwana a Tamaske, da sabon takalmi, da tantin da ba a taɓa kafawa ba, su ne suka fi mayar da matafiya gida a bayan mota tun kafin a kwana biyu.

Mu fara da lissafi. Tsakanin Tawa da Tamaske ya haura kilomita 40. Saurayi mai lafiya wanda ba ya ɗauke da komai yana cin kilomita 5 a sa'a guda a kan hanya mai tauri, amma da kaya a baya, a kan tsakuwa da rairayi da hawa da gangara irin na Adar, kilomita 4 ma sai an dage. Ke nan kuna bukatar sa'o'i 10 ko fiye na tafiya zalla, ban da salla, ban da cin abinci, ban da hutu. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Tawa sai wajen ƙarfe 7, kuma ƙarfe 6 da ƴan mintuna ta faɗi, wato hasken yinin gaba ɗaya sa'o'i 11 ne da ɗan ɗori. Idan kun nace za ku iya isa, ban musa ba, amma cikin duhu za ku isa, da ƙafafu a kumbure, kuma washegari ba za ku tashi ba. Tafiyar da kuka ɗauko ta haura kilomita 150, kuma abin da za a duba shi ne yadda jiki zai wayi gari a rana ta biyu da ta uku da ta bakwai.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya, kuma ba su kasa ku ƙarfi ba, amma al'adar ayari ita ce a taru a bayan gari, a yada zangon farko kusa, inda mutum zai iya komawa gida ya dawo. Madugu ya san cewa ranar farko ce take tona asirin kaya: a ranar ake gane igiyar da ta ruɓe, da akumarin da yake cin bayan jaki, da salkar da take yoyo, da mutumin da ya manta da abin da ba a tafiya sai da shi. Idan aibin ya bayyana ana kusa da gida, gyara ne na yini ɗaya, idan kuwa ya bayyana an yi nisa, ya zama asara. Saboda haka shawarata ita ce kada ku wuce kilomita 12 zuwa 15 a ranar farko, ku raba hanyar Tamaske gida uku, ko kuwa gida biyu da rabi idan jiki ya karɓa. Na san za ku ji kunya a ce samari biyar sun yi bankwana da gida da asuba, ga shi da hantsi har sun sauke kaya a wurin da mai babur yake zuwa cikin minti 20. Ku haɗiye wannan kunyar, ba ta kai ta dawowa da ɗingishi ba.

Batun takalmi kuwa, na taɓa ɗanɗana kuɗata, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ina saurayi na taɓa saka sabon takalmin fata na bi ƴan kasuwa zuwa wani ƙauye, ina tafe ina taƙama, kafin azahar diddigena biyu sun yi bororo sun fashe, na ƙarasa tafiyar da takalmin rataye a wuya, wani dattijo mai jaki yana yi mini sannu yana ɓoye dariya. Sabon takalmi bai san ƙafarka ba tukuna. Ka ciro shi daga inda ka adana shi yau ɗin nan, ka riƙa zuwa makaranta da kasuwa da shi kullum, kuma sau biyu ko uku kafin ranar fita ka goya jakarka cike da kaya ka yi tafiyar sa'a biyu a bayan gari. Idan bayan mako biyu yana cizonka a wuri guda, ka bar shi a gida ka ɗauki tsohon kambas ɗinka da ya saba da kai. Ƙafa tana kumbura idan an daɗe ana tafiya, don haka takalmin da ya zauna cif da safe zai matse da yamma, kuma idan babban yatsa yana taɓa gaba a kan gangara, farcen zai yi baƙi ya fita. A yanke farce kwana biyu kafin tafiya. A tanadi safa aƙalla ƙafa uku, a canza idan ta jiƙe da gumi, domin danshi da guga su ne suke haifar da bororo. A kowane dogon hutu a cire takalmi, a kakkaɓe yashi, a bar ƙafa ta sha iska.

Bororo ba ya zuwa bagatatan. Da farko za ka ji wuri guda yana ɗan zafi kamar an ɗora garwashi daga nesa, kuma a wannan lokacin ne ake maganinsa: a tsaya nan take, ko da an tashi daga hutu da minti biyar, a share wurin a manna filasta. Abin da yake cutar samari shi ne kowa yana jin nauyin ya zama na farkon da zai ce a tsaya, sai a yi shiru har fata ta tashi. Ku yi alkawari tun daga gida cewa wanda ya ce ƙafarsa tana zafi ba za a yi masa tsiya ba. Idan ya riga ya tashi, ƙarami a rufe shi kawai kada a fasa, babba mai hana takawa kuma a wanke hannu, a ƙona bakin allura, a huda gefensa ruwan ya tsiyaye, a bar fatar a wurinta a rufe da tsabta. Ku sa matsefata a aljihu, domin bayan kaka ƙarangiya ta bushe tana jiran safa da bakin wando, ga ƙayar aduwa wadda take huda tafin takalmi mai laushi. Wanda ya bar turba ya ratsa ta cikin ciyawa don ya yanke hanya zai biya lokacin da ya rage a zaune yana tsintar ƙaya. Ku riƙe silifa ko faɗe na sakawa a zango.

Kaya kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka, wato mai kilo 60 ya tsaya a kilo 12, kuma a auna a sikeli, kada a auna da hannu, domin jakar da ta yi sauƙi a tsakar gida wata aba ce daban bayan sa'a uku. Abu mai nauyi a sa shi jikin baya, a tsakiya, kuma idan jakar tana da ɗamarar ƙugu a ɗaure ta sosai domin ƙugu ya karɓi nauyin a madadin kafaɗa. Ruwa shi ne zai cinye muku ma'auni, tun da kowace lita kilo guda ce, kuma ko a ɗari mai tafiya da kaya yana bukatar lita 4 zuwa 5 a yini na sha kawai, ban da girki da alwala. Iskar hunturu mayaudariya ce, tana busar da gumi tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa alhali ruwan jikinsa yana ƙarewa. A riƙa kurɓa akai-akai ba sai an ji ƙishirwa ba, kuma a lura da fitsari: idan ya yi kaɗan ya yi ja, jiki yana neman ruwa. Wanda ya fara ciwon kai da jiri ko murɗawar tsoka a zaunar da shi a inuwa, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, ko a yi amfani da ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani. Ruwan rijiyar da ba a rufe ba da ruwan tabki a tace shi da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa a jira minti 30. Zawo a rana ta biyu yakan samo asali daga kurɓi guda a rana ta farko.

Ban ga laifi ba idan kun yi karo-karo kun ɗauki hayar jaki ya ɗaukar muku jarkunan ruwa da tanti, tare da mai shi. Za ku sami sauƙin baya, za ku kuma sami mutumin da ya san rijiyoyi da sunayen masu gari, wanda ya fi kowace taswirar salula amfani a wurin da babu layi.

Abinci kada ku wahalar da kanku. Ku karya sosai kafin fita, ku zuba dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa a aljihu na ci ana tafe, ku riƙe kilishi da cuku da garin rogo da garin tukuɗi, da shayi da sukari, da taliya ko shinkafar tukunya guda ta dare. Fura da nono za ku samu a ƙauyuka.

Ku fita da zarar kun sallame asuba, domin ku ci sa'o'in sanyin safiya. A minti 20 na farko ku yi tafiyar da za ku iya hira ba tare da haki ba, sannan ku tsaya ku gyara igiyar takalmi da maɗaurin jaka, ku cire rigar sanyi kafin ta jiƙe. Daga nan ku riƙa tafiyar minti 50 kuna hutun minti 10. Gabas kuka nufa, don haka rana za ta kasance a fuskarku har hantsi, ga iskar arewa maso gabas tana watso ƙura, rawani ko malfa da man kaɗe na leɓe da hanci za su yi muku rana. Wanda ya fi kowa sanyin tafiya shi za a sa a gaba, mai ƙarfi ya tsaya a baya, kada kuma a bari wani ya ɓace wa idon sauran, musamman ranar da hazo ya sauka ya rufe tuddai. Ku naɗa shugaba tun kafin ku bar gari, kamar yadda hadisi ya yi umurni ga mutum uku da suka fita tafiya. Abokai biyar tsara ɗaya sukan ga kamar ba su bukatar haka, har sai an zo mararraba biyu ana jin yunwa.

Idan kun bi wannan tsari, kafin ƙarfe 11 kun cika zangonku, kuma ragowar yinin shi ne ainihin aikin ranar. Farkon abin yi shi ne ku nufi ƙauyen da ke kusa ku yi sallama da maigari, ku faɗi ko ku su wane ne, daga ina kuke, ina kuka nufa, ku nemi ya nuna muku inda za ku sauka. Baƙi biyar da jakunkuna waɗanda suka kafa tanti a bayan gari ba su gai da kowa ba, a wannan zamani ba wanda zai ɗauke su ƴan yawon buɗe ido, kuma ba za a ga laifin mutanen gari ba idan suka kira jandarma. Wanda ya yi sallama kuwa ya zama baƙon maigari, za a nuna masa rijiya, a gaya masa abin da ke gaba, wataƙila ma tuwo ya biyo baya. Ku riƙe goro ko sukari da shayi na gaisuwa, kuma idan an ce ku kwana a zaure ko a harabar makaranta, kada ku ƙi don kawai kun ɗauko tanti.

Wurin kwana ya zama tudu mai tsabta wanda ake hango gari daga gare shi. Kada a sauka a kan hanya ko a burtali, domin nan ne mabin dabbobi da dare, kuma a daidai wannan lokaci ne garken makiyaya suke gangarowa kudu cin karan gonaki. Kada a sauka a bakin rijiya, tun da sassafe za a kawo shanu. Cikin ƙorama akwai yashi mai laushi mai jan hankalin gajiyayye, kuma a Disamba babu tsoron ambaliya, amma sanyi a kwari yake kwanciya, kusa da ruwa kuma sauro bai ƙare ba, don haka gidan sauro yana cikin kaya. A nisanci tarin duwatsu, da suri, da ruɓaɓɓen kututture, da jibgin kara, a share wurin shimfiɗa da reshe kafin a baza tabarma. Tantin nan da kuka aro ku kafa shi a tsakar gida sau biyu tun yanzu, ku ƙirga turakunsa da sandunansa, domin kayan aro ba kasafai suke zuwa a cike ba, kuma ƙasar Adar a wurare da yawa fako ce da ba ta karɓar turke sai an danne igiya da dutse. A juya ƙofarsa ta ba iska baya, wato ta dubi kudu maso yamma. Ni dai a ganina bargo mai kauri da abin shimfiɗa sun fi tantin muhimmanci, domin a ɗari ba a ruwa, kuma sanyin da yake hana barci ta ƙasa yake shigowa, ga na daji ya fi na cikin gari cizo gab da asuba.

Wuta a yi hattara da ita ƙwarai. Ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa, kuma gobarar daji tana cinye makiyaya a jihar Tawa kusan kowace shekara bayan damina. A share fili mai faɗi har ƙasa ta fito, a haƙa ɗan rami a kewaye shi da duwatsu, a tsinci busasshen itacen da ya faɗi, kada a sari ɗanye, balle gawo, wanda doka ta kare kuma ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da shi. A gama girki da sauran haske, domin a nan ƙasar tsakanin faɗuwar rana da duhu bai cika rabin sa'a ba. Kafin a kwanta a binne garwashin da ƙasa har ya mutu.

Bayan isha'i kowa ya duba ƙafarsa da tocila, ya faɗi gaskiyar abin da yake ji a kafaɗa da gwiwa. A zazzage jakunkuna a ware duk abin da ba a taɓa ba tun safe kuma ba na magani ko na sanyi ba ne, a ba mai babur ya mayar gida washegari, a rubuta abin da aka manta a aiko da shi ta hannunsa. A ƙirga litar da aka sha domin a san abin da za a ɗauka gobe. Idan an gama wannan sai a ɗaga kai, domin a Disamba Kaza da Ƴaƴanta suna sama tun farkon dare, kuma wanda ya girma a ƙarƙashin fitilun gari bai taɓa ganinsu yadda suke a bayan Tawa ba. Da asuba a kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama.

Tambaya

Malam, idan mutum ya fita doguwar tafiya a ƙasa, amma a ranar farko bai yi nisa da garinsu ba, zai yi kasaru ko zai cika salla? Kuma idan ruwan da ke hannunsa na sha ne, yaya zai yi da alwala?

*Daga wani mai karatu, Yamai*

Amsa

Malam, ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma ga abin da yake sananne a mazhabar Malikiyya da muke bi. Abin lura shi ne nisan da aka yi niyya, wanda malamai suka ƙayyade da mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, ba nisan da aka ci a yini guda ba. Wanda ya ɗaura niyyar irin wannan tafiya yana fara kasaru da zarar ya wuce gine-ginen garinsu da garaken da ke haɗe da shi, ko da zangonsa na farko kusa ne. Azahar da la'asar da isha'i suna komawa raka'a bibbiyu, magariba da asuba suna nan yadda suke. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari sai ya cika, haka ma idan ya bi limamin gari. Akwai wani sharaɗi da ya kamata mai yawon ganin ƙasa ya kai wa malaminsa, domin malaman mazhaba sun bambanta tafiyar da take da manufa da wadda ta zama wasa zalla, kuma ba su so a yi kasaru a ta biyun. Game da ruwa, wanda yake tsoron ƙishirwa ga kansa ko abokan tafiyarsa idan ya yi alwala, taimama ta halatta gare shi. A guji sanya ranar fita ta zama Juma'a bayan ketowar alfijir, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ranar Alhamis.

Tambaya

Malam, ɗana ya zo mini da maganar za su tafi yawon daji da ƙafa shi da abokansa, har su kwana a can. Tun da ya faɗa ban yi barcin kirki ba, saboda halin da ƙasa take ciki da kuma macizai. In hana shi, ko in bar shi?

*Daga wata uwa, Tawa*

Amsa

Hajiya, Allah ya kwantar da hankali. Tsoronki yana kan hanya, kuma amsar ta danganta da inda suka nufa. Idan arewa ne, wajen Tiliya da Tasara, a hana su kai tsaye ba tare da wata doguwar magana ba, domin waɗannan gundumomi an sa su cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma a yankin Tiliya ne aka kashe fararen hula 137 a watan Maris na 2021. Wasu yankunan kudu da ke bakin iyaka ma suna fama da ɓarayin daji masu satar mutane da dabbobi. Labarin tsaro yana canzawa daga mako zuwa mako, saboda haka ki gindaya masa sharaɗin cewa kafin su fita su je ofishin jandarma da kansu su bayyana hanyar da za su bi, kuma idan aka ce kada su bi wani yanki, magana ta ƙare. Kowannensu ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa da na makaranta, kada su saka kaya masu kama da na soja, kuma kada su yi tafiyar dare ko sau ɗaya.

Maciji ya fi yawa a damina da kaka, a ɗari yana raguwa amma ba ya ƙarewa. Wanda ya fi yi wa mutanenmu ɓarna shi ne kububuwa, ƙarama ce mai launin ƙasa, tana fitowa da dare, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara yakan ga kamar ya samu sauƙi kafin jini ya ɓalle. Kariyarsa rufaffen takalmi da tocila a duk fitar dare, ko da kewayawa ce, da barin zura hannu ƙarƙashin dutse. Idan ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya, kada kuma a ɓata lokaci wajen baƙin dutsen nan da ake cewa yana zuƙe dafi. A cire zobe da agogo, a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa gidan likita mafi kusa ko da ya ce ba ya jin komai, domin allurar kashe dafi ce maganinsa.

Idan sun cika waɗannan sharuɗɗa, ni a ganina ki sa masa albarka ya tafi, amma ki nemi abu biyu. Na farko, ya bar miki takarda mai ɗauke da sunan ƙauyen da za su kwana a kowane dare, da lambobin abokansa da na iyayensu. Na biyu, ku tsayar da lokacin kira, misali bayan magariba, salula guda kawai a kunne sauran a kashe don adana caji, kuma ku yarda tun yanzu cewa rashin kira na dare ɗaya yana iya zama rashin layi, amma idan har azahar ta gobe ba a ji su ba, za a sanar da jandarma a kuma bi su zangon da ke rubuce. Ki kuma dage a kan cewa daren farko su kwana inda kawunsa ko yayansa zai iya hawa babur bayan la'asar ya je ya gan su, ya gai da maigari, ya duba shimfiɗarsu da ruwansu, ya dawo miki da labari kafin isha'i.